Kwalbar Zamzam ta Kaka

Jama'a, yau kakata ta sha ruwan tabki, kuma ni na jawo!

Mushe Isufu, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya ce kowa ya ɗebo ruwan tabkin Madarumfa a farar kwalba, ya ajiye kwana uku, mu ga ƙwarin da ke kawo kurkunu. Na duba gidanmu kaf, daga ƙwarya sai tulu. Farar kwalba ɗaya ce, wadda Kaka ta zo da zamzam a ciki daga Makka, ya daɗe da ƙarewa. Na cika ta, na mayar bayan gadonta.

Yau da hantsi na je ɗauka. Saura rabi!

Kaka ta ce, "Hadiza, ashe da sauran zamzam! Na sha, har ciwon gwiwa ya sake ni."

Na ruga gidan Mushe ko takalmi babu. Na ce, "Mushe, Kaka ta sha ruwan tabkin, yaushe za a sani ko ta kamu?"

Ya ce, "Kurkunu sai ya shekara yake fitowa."

Ke nan shekara guda zan yi ina duba ƙafar Kaka!

Na komo na tarar da kwalbar wayam. Kaka ta ce, "Sauran na aika wa liman."