Na Je Jos Neman Ganyen Cadi

Asabar: Bauci zuwa Jos

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida da buhu a ninke a hammata. Shida da kwata motarmu ta tashi daga tasha, mu shida da direba. Maiɗakina Hajara ce ta fito da ni. Wata uku ke nan likita ya hana ta gishiri da dunƙulen miya saboda hawan jini, ita kuwa ta yi fushi da abinci gaba ɗaya. Loma biyu, sai ta ture kwano ta ce lami ne. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba.

A asibiti wata nas 'yar Jos ta ce mini a garinsu akwai ganyen da yake zuwa da ɗan gishiri-gishirinsa tun daga gona. Ta faɗi sunan da sauri, kunnena kuwa ya ji "Cadi". Haka na rubuta a bayan katin asibiti: ganyen Cadi.

Shinge uku muka wuce kafin Tilden Fulani. A na ƙarshe soja ya leƙo ya ce, "Baba, me ke cikin buhu?" Na ce, "Ba komai, ɗana, sai dai in na dawo." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Daga nan hanya ta kama hawa. Kunnuwana suka toshe, sanyi ya sa muka ɗaga gilasai. Sai ga duwatsu. Jama'a, dutse ne kamar ɗaki a ɗore kan ɗan ƙarami, ka ce da yatsa za ka ture shi, ga hazo kwance a wuyansu. Ni dai tasbihi na yi ta yi. Direba ya ce, "Alhaji, tun ina yaro haka na gan su, ko motsi ba su yi ba."

Rikkos da kasuwar gwari

Tara saura ashirin muka sauka. Na shiga keke napep zuwa Rikkos wurin Malam Sale, wanda muka koyi ɗinki tare. Ya tarbe ni da gwaten acca mai zafi da aron rigar sanyi. Ƙarfe goma muka bi ta Gada Biyu zuwa kasuwar Farin Gada.

Ban taɓa sanin ƙasa tana fitar da abu haka ba. Kabeji tsibi-tsibi ya fi ni tsawo, karas ana wanke shi da kwando, ga ganyaye iri-iri da ban san ko na miya ba ne ko na ado. Na shiga tambaya da ƙarfina: "Ina masu ganyen Cadi?" Wani ya ce su ba sa kawo kaya daga waje. Wani ya tura ni wajen masu busasshen kifi. Awa biyu muna yawo, Malam Sale har ya fara tsaki.

Wata Inyamura mai shagon iri, Madam Ngozi, ita ta karɓi katin ta duba, sai ta riƙe ciki don dariya.

"Oga, wane ya faɗa maka Cadi? Cad ne! Sunan Turanci ne, ba ƙasa ba. Nan Jos ne ana noma shi."

Kunya ta rufe ni, ni da na fara tambayar kuɗin mota zuwa Maiduguri don in tsallaka ƙasar Cadi. Ta ce na yau ya ƙare tun da safe, masu otal sun kwashe, amma in je Lamingo gobe bayan an tashi coci, in nemi Mama Kangyang.

Lahadi: gonar Lamingo

Ƙarfe ɗaya na rana muka isa, tafiyar minti ashirin da biyar. Gonar tana bakin ruwa a gindin dutse. Mama Kangyang tsohuwa ce, ta girme ni nesa, amma da ta kama gangara sai da na roƙe ta ta jira ni. Da muka kai kunyoyin sai na tsaya cak. Ganye ne faffaɗa mai sheƙi, ƙafarsa wata ja wur, wata ɗorawa, wata fara fat. Shekara talatin ina zaɓen zare a shago, ban taɓa ganin ja irin wannan ba.

Na ba ta labarin Hajara. Ta ce, "Wane zai dafa?"

Na ce, "'Yata Safiya."

"Kuma ku me kuna ci?"

"Namu daban ake yi, mai gishiri."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. "Baba, matarka yana zaune da kwanon marar lafiya shi kaɗai, ƙamshin naku yana shiga hancinsa. Ko ni ba zan ci ba. Zo nan, kai za ka dafa."

Ni da ban taɓa hura murhu ba, aka miƙo mini wuƙa. Ta sa na raba ƙafar da ganyen. Ƙafar aka fara soyawa da albasa da tafarnuwa da tumatir a ɗan man gyaɗa, don ta fi tauri. Ganyen daga ƙarshe, yana yin laushi a sauke, a matsa lemon tsami. Na ce, "Mama, ba a sa 'yar kanwa?" Ta buge mini hannu da ludayi. Da na ɗanɗana kuwa, wallahi sai ka rantse an barbaɗa gishiri.

"Abinci ne fa, ba magani ba," in ji ta. "Ya ci gaba da shan maganin likita."

Litinin: gida

Bakwai na safe muka bar Jos, ganyen a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu a kan cinyata, na ƙi yarda a sa shi a but ɗin mota. Tara da rabi ina tsakar gida. Na ce wa Safiya ta tuƙa tuwo kawai, daga yau tukunyar miya ɗaya ce a gidan nan. Na naɗe hannun riga na durƙusa gaban murhu, hayaƙi yana sa ni hawaye, Hajara tana kallona daga tabarma.

Kwano ɗaya na zuba, na zauna kusa da ita na yi bisimilla. Na ci loma uku ban dube ta ba. Can sai na ga hannunta ya shigo. Ta ci, ta ƙara, ta kuma ƙara. Ina tsoron ko numfashi in yi da ƙarfi, kada ta tuna ta daina.

Sai ta ce, "Malam, matsar da hannunka, nan gefena ne."

Na janye hannun na bar mata kwanon. Allah na gode maka. Malam Sale, Madam Ngozi, Mama Kangyang, Allah ya bar ku da lafiyarku.