Hannun Hermelinda a Kan Kwandala

Shekara arba'in da 'yan kai Doña Hermelinda Caicedo ta yi tana kamun ƙaguwa a cikin laka, can inda kogi ke zuba a teku. Gidanta na jikin namu, bangon katako ɗaya ne tsakaninmu, don haka ba labari aka ba ni ba. Da ruwa ya janye sai ta sa takalmin roba, ta ɗaure kai, ta shiga kwalekwale tare da sauran mata. Kafin rana ta take ta dawo, ta dafa ƙaguwar da madarar kwakwa, ta soya ayaba, ta kasa a ƙofar gida. Mijinta Nicanor shi ne mai kula da hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora, har ya rasu shekara tara da suka wuce.

Da garinmu zai cika shekara ɗari da hamsin, majalisar gari ta ce za a buga kwandalar tunawa, kuma mu mutanen gari ne za mu zaɓi zanen da zai hau kanta. Mai iyawa da marar iyawa kowa ya kai nasa. Aka tace, saura uku: mutumin da ya kafa garin da uban gashin bakinsa, hasumiyar fitila, sai hannun wata mata riƙe da ƙaguwa. Aka manna su a bangon kasuwa, aka ajiye akwatin ƙuri'a na mako biyu.

Na ukun Yolima ce ta zana, 'yar ƙanwar Hermelinda, malamar firamare. Ba ta rubuta hannun wace ce ba, amma tabon babban yatsa da zoben auren da ya nutse cikin nama sun tona asiri. Duk wanda ya taɓa sayen abinci a unguwarmu ya gane shi.

Hermelinda ta ji labarin ne a bakin Don Aristides mai aski, wanda suka yi shekaru suna tsokanar juna. Ya tsaya gaban tukunyarta, ya cire hula, ya ce a ba shi izini ya gaida hannun da za a zuba a ƙarfe. Ta ajiye ludayi, ta tafi kasuwa da zanin aikinta, ta daɗe tana kallon bangon. Daga can ta wuce makaranta.

"Ke Yolima, duk kyawawan hannayen garin nan ba ki ga na zanawa ba sai wannan mai kama da rogo?"

"Inna, wannan hannun ne ya biya mini kuɗin makaranta."

"To ni dai ba zan zaɓe shi ba. Hasumiyar kawunki Nicanor zan zaɓa."

Haka ta shiga yaƙin neman zaɓe tana adawa da kanta. Duk wanda ya zo cin abinci sai ta ƙara masa ƙaguwa ɗaya, ta ce ya tuna da hasumiya. Ta ba su labarin yadda Nicanor ke hawa matakala ɗari da goma sha biyu da gwiwa mai ciwo, da jiragen masunta nawa fitilar ta dawo da su gida. Mutane suka ci, suka gyaɗa kai, suka yi mata alkawari. Ni ma na yi. Don Aristides kuwa a shagonsa ba ya ɗora reza a gemun kowa sai ya tambaye shi me zai zaɓa.

Ranar ƙirga ƙuri'a aka taru a filin gaban coci da hantsi. Mai gashin baki ya zo na ƙarshe. Hasumiya ta yi rawar gani, amma hannu ya ba ta rata mai nisa. Matan kamun ƙaguwa suka ɗau guɗa, makaɗa suka saki ganguna. Hermelinda ta juyo tana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyar da kai.

"Maciya amana," in ji ta. "Ku dawo mini da ƙaguwata."

Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye. Yolima ta rungume ta, ta raɗa mata cewa ita kam hasumiyar ta jefa wa ƙuri'arta. Hermelinda ta ce ashe ita ma ba ta da wayo.

Bayan wata huɗu kwandalolin suka iso daga babban birni. Da aka kira ta ta karɓi ta farko, ta ƙi hawa dandamali ita kaɗai, sai da aka kira duk matan da suke shiga kwalekwale tare, su goma sha bakwai. Ta ce da shugaban majalisa ya duba hannayensu, in ya iya bambance su ta ba shi kyauta. Ya duba, ya kasa.

Har yanzu tana zuwa laka, sai dai kwana uku a mako, saboda ciwon baya. Baƙi kan zo daga birni su ce za su ɗauki hoton hannunta. Takan ce su zauna su ci tukuna, abinci na hucewa.