Rayuwar Injiniyan Tafkin Jar Laka

Haihuwa da Karatu

An haife shi a shekarar 1949 a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma. Ya kammala firamare a 1962, sannan ya wuce kwalejin fasaha, inda ya karanci ilimin sinadarai.

Aiki da Aure

A 1971 ya kama aiki a masana'antar alumina, inda ake dafa jar ƙasar ma'adini da soda a fitar da farin gari mai kama da gishiri, wanda da shi ake samar da alminiyam da dutsen wasa wuƙa da tubalin tanderu. Yakan tsokani sababbin ma'aikata cewa garin da suke sharewa da yakutun zoben manaja uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin sinadarinsu ɗaya ne. A 1975 ya auri wata ma'aikaciyar jinya.

Al'amarin Tafki

A 1980 aka ɗora masa alhakin tafkin da ake zubar da jar laka, wato ragowar aikin mai ƙona fata, har abokai suka laƙaba masa Sarkin Laka. A daminar 1988 ya tarar jan ruwa na tsatsafowa daga gindin bangon tafkin, alhali unguwar ma'aikata tana gangaren. Da ya kai rahoto, manaja ya umarce shi ya bar famfon da ke tura laka cikin tafkin yana aiki har ƙarshen wata.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "a ƙarƙashin bangon nan 'ya'yan mutane ke wasa. Na kashe famfo, kuma hannuna ba zai kunna ba."

A makon aka sallame shi. Matarsa, da tsohon ciki, ta tambaye shi ko ya tabbata da abin da ya gani. Da ya ce ya tabbata, sai ta fara ɗaure kaya. Tsayawar aikin ta jawo masu bincike, suka samu cikin bangon ya zaizaye, aka sake gina shi. Ba a mayar da shi aiki ba, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ya koyar a makarantar sana'a har zuwa 2009. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 8 ga Maris 2016, bayan jinyar ƙirji, aka yi jana'izarsa bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babban ɗansa, likitan dabbobi, mai bi masa, tela, da auta, malama a firamaren unguwar ma'aikatan, wadda har yau take gangaren tafkin. Allah ya jiƙansa.