Tumakin Baba Ilyasu a Katin Wani

Har yau ban manta da ranar da na loda tumakin Baba Ilyasu a mota da hannuna ba.

Lokacin ina kiwo a wani garke bayan unguwar Ka'akiyya, a Makka. Kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke ƙarƙashin sunansa, Abu Salim ne. Baba Ilyasu maƙwabcinmu ne, Bahaushe haifaffen Makka. Kakansa da ƙafa ya zo aikin hajji, amma shi har ya tsufa bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba. Tumaki talatin da 'yan kai ne duk abin da ya mallaka.

Ku da kuka zo daga baya, ga yadda tsarin yake. A nan ba ciyawa, sha'ir ne abincin dabba. Gwamnati na tallafa wa makiyaya su same shi da sauƙi, amma sai mai katin dabbobi, katin kuma sai ɗan ƙasa. Shekarar da sha'ir ya yi wuya, tumakin Baba suka fara cin kwali. Abu Salim ya ce masa, "Ya Ilyasu, kawo su cikin nawa a rubuta. Tare muka yi wasan ƙasa, takarda za ta raba mu?" Ma'aikacin ofishin noma ya zo, ni na riƙa kama su ana maƙala musu lamba a kunne. Shekara uku Baba na samun sha'ir, ba wanda ya ji kansu.

Sai Abu Salim ya rasu. Bayan sati biyu babban ɗansa, Salim, ya zo daga Jidda da katin da babbar mota mai hawa biyu, za a sayar da garken a raba gado.

Baba ya ce, "Ɗana, waɗancan na gefen rumfa nawa ne."

Salim ya ce, "Ya Ammi," wato baffana, "ban ce ka yi ƙarya ba. Amma mu tara ne magada, da marayu. In na je gaban alƙali na ce ba namu ba ne, na ce mahaifina ya yaudari hukuma ke nan. Kai ma ba za su bar ka ba."

Baba ya nuna ni. "Tambayi Sani. Shi ya kama su."

Salim ya juyo. "Ya Sani, me ka sani?"

Iƙamata saura wata biyu ta ƙare, kuma sa hannunsa take jira. 'Ya'yana biyar na Maraɗi. Na ce, "Ni dai kiwo nake yi, ya sheikh."

Baba bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya tsaya yana kallo ina turo su ɗaya bayan ɗaya. Da na kai kan wata ja, ya ce, "A hankali, Sani, wannan ta kusa haihuwa. Kar ka sa ta a ƙasa, za su taka ta."

Na sa ta a hawan sama.

Yanzu Baba yana tura alhazai a keken guragu a unguwar Misfala, yana da shekara saba'in. In mun haɗu shi ke fara gaishe ni.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, amana tana mutuwa tare da mai ita, takarda kuwa ba ta mutuwa. In wani ya ce zai rufa maka asiri da sunansa, ka gode masa, ka sayar da dabbobinka tun suna naka. Kuma kar ka dogara da shaidar mai iƙama. Na san abin da nake faɗa.