Salansar da na kai Kudan

Ikara

Ana sallame asuba na ɗaure salansar tsohuwar motata a buhu na nufi tasha. Wani yaro ne a Kudan, Nura, cikin masu wasan mota, ya aiko mini murya a waya, don ya san ni da rubutu ba ma ga maciji. Yayansa ke aure, da la'asar zai juya mota gaban jama'a, kuma salansar tawa yake so. Abin ya ɗaure mini kai. Ga sababbi a Zariya, me zai yi da ruɓaɓɓiya?

A shingen hanya ɗan sanda ya taɓa buhun. "Baba, bindiga ce?"

"Ranka ya daɗe, ta fi bindiga ƙara."

Makarfi

Nan na sha koko da ƙosai, na zaro hajata ina dubawa. Huji uku, har ɗan yatsa na shiga. Kunya ta kama ni. A zamaninmu mota mai gudu ita ce wadda sai ta wuce ka ka ankara. Na kai wa wani mai walda, Bulus, ya liƙe su tsaf.

Kudan

Nura ya durƙusa ya gaishe ni, abokansa suka ɗaura salansar. Ya taka totur. Shiru, kamar ana lallashin jariri.

Ya leƙo, ido ya yi ja. "Baba, ina kukan?"

"Na yi mata magani a Makarfi."

"Innalillahi! Ai kukan na saya! Kowa ya san muryarta tun daga Ikara har nan."

Ashe shekarun nan da maƙwabta ke zagina, yara sha'awa suke. Ga la'asar ta matso. Na tuɓe babbar riga, na ari kurfin huda ƙarfe da guduma, na shige ƙarƙashi da tsufana. Huji ɗaya, ta yi tari. Na biyu, ta yi gurnani. Na uku, muryarta ta dawo. Na ce bari in ga abin da na huɗu zai yi. Awaki suka tsinke igiya.

Nura ya juya mota a filin biki har ango ya hau kan benci yana ihu.

Gida

Na iso Ikara lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Nura da tuwonsa, na gode wa Bulus, aikinsa ya yi kyau ƙwarai. Iyali ta tarye ni tana ta magana. Kunnuwana sun toshe, bakinta dai na ga yana motsi, sai na ce amin.