Kwana Huɗu a Gidan Dattijon Fiji

Na san shi ne a wani ƙaramin asibiti kusa da Bi'ir Ali, inda na daɗe ina aikin likita. Nan ne masu zuwa Makka daga Madina suke ɗaura harami, motoci ba sa yankewa. Wata rana da hantsi aka sauko da wani dattijo daga bas, numfashi yana yi masa wuya. Mutumin Fiji ne, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, kakanninsa daga Indiya suka je can. Na duba shi, na ba shi magani, na roƙi direba ya ɗan ƙara jira. Ya samu ya yi umrarsa. Daga nan ya riƙa aiko min wasiƙa, kowacce da gayyata a ƙarshenta.

Bayan shekara bakwai aka tura ni taron likitoci a Ostireliya, na ga daga can zuwa Fiji tafiyar 'yan awoyi ce. Matata, haifaffiyar Madina ce amma iyayenta Hausawa, ta ce, "Halas, ka je. Amma ba hannu rabbana ba." Ta ƙulle min dabinon ajwa da turare.

Babban ɗan dattijon, malamin makaranta, shi ya tarbe ni a Fiji. Muna hanya ya rage gudu ya ce, "Dakta, akwai maganar da Baba zai yi maka. So yake ya koma Madina ya zauna har ajali ya same shi. Mun yi mun yi ya ƙi ji. Ya ce abin da ka faɗa shi zai ɗauka."

Ni kuwa yawon buɗe ido na zo.

Unguwarsu tana bakin teku, a wajen birnin Suva. Hanya ɗaya ce ta bi gaɓa, gidajen katako masu rufin kwano a gefenta, ga itatuwan kwakwa. Bas na wucewa jifa-jifa. Na saba da unguwarmu ta Al-Azizya a Madina, inda ba a rasa mai danna oda ko mai jan ƙofar shago, sai kunnena ya yi ta neman hayaniya. Da azahar na tambayi alƙibla, aka nuna min wajen yamma. A Zariya gabas na tashi ina kallo, a Madina kudu.

Dattijon ya rame, ƙafafunsa kuwa sun kumbura. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba. Maƙwabciyarsu, wata Kirista 'yar asalin tsibirin, ta aiko da dafaffen rogo da gwaza da kifi cikin ruwan kwakwa. Rabona da gwaza tun ina gida, na ci har sai da suka yi min dariya.

Kwana biyu bai ta da maganar ba, sai dai ya bari na saurari ƙirjinsa, na duba magungunansa. Rana ta uku da la'asar ya ce in raka shi bakin ruwa. Tsakanin gidan da gaɓa bai fi jifa ba, amma sau uku muna tsayawa yana hutawa. Muka zauna a kan katangar dutse. Ruwa ya janye, wasu mata suna tsintar abin miya a cikin laka.

Ya ce, "Ɗana, ka ji ƙirjin nan. Zai kai ni?"

Na ce, "Baba, zuciyarka ta gaji. Ban ga za ta ɗauki wannan tafiyar ba."

"Ko an raba ta biyu?"

"Ko an raba. Ina tsoron a sauke ka a wani gari da ba ka san kowa ba, ba Madina ba, ba nan ba."

Ya juya yana kallon matan. Can ya ce mu koma. Ranar bai ci abinci tare da ni ba, a ɗaki aka kai masa. Raina bai yi daɗi ba. Na ƙetare rabin duniya na zo na ɓata wa tsoho rai, alhali ni gobe zan kama hanyar garin da na hana shi.

Washegari da safe ya ce ɗansa ya fito da mota. Muka hau wani tudu a bayan unguwar, inda maƙabartar Musulmi take. Ya nuna min kabarin matarsa, ya sa ɗan ya cire ciyawar da ta rufe shi. Sannan ya nuna filin da ke gefe da sandarsa, ya ce wa ɗan, "Ka gaya wa masu kula da maƙabartar kada su ba kowa nan." Muka yi addu'a muka sauko. A mota ya tambaye ni ko har yanzu ana aikin faɗaɗa tituna a Harra ta Yamma, unguwar da ya taɓa sauka a Madina, na ce ana yi.

Ya ƙara shekara biyu. Ɗansa ne ya bugo min waya a asibiti. Ya ce da safe ya rasu, bayan ya sha shayi, kuma ranar an yi ruwa sosai, sai da maƙwabta suka riƙe wa masu haƙa kabari tamfol.