Sungumin Furoje

Har gobe idan na ga sungumi sai na tuna ranar da na faɗi a gonar Baba Nomau. Ku yaran yanzu ba ku san labarin ba, to ku saurara.

A shekarun babban fari ne, ina sabon malamin gona a Agiye, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba. Doka ita ce sai shef ɗinka, wato shugabanka na aiki, ya rubuta rahoto mai kyau a kanka, in ba haka ba ka koma gida. Ni kuwa gidanmu rumbu wayam, albashina ake jira.

Furoje, wato shirin taimakon manoma, ya kawo irin gero mai saurin nuna, tiya ɗaya kowane gida, da wani sabon sungumi. Namu na gado ƙotarsa ta ice ce, mara nauyi. Wannan kuwa bututun ƙarfe ne, kansa kamar guduma. Shef ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce, "Ka je ka koya musu. In suka ƙi shi, kai ka faɗi."

Ruwan farko ya sauka, washegari na isa ƙauyen su Baba Nomau da takardar bayanin sungumin. Na tara mutane na ce saran kakanni ya tsufa, sabon ƙarfe sai sabon hannu. Kai, na zuba surutu! Baba Nomau, tsohon da kowa ke jira ya fara shuka, ya ce, "To, Mushe, nuna mana." Mushe, wato malam da Faransanci, haka suke kiran ma'aikaci.

Takarda ta ce da wuyan hannu kawai ake saki. Amma ina ɗaga shi jikina ya manta takarda, na sara da dukan kafaɗa yadda babana ya koya mini. Wayyo! Kan sungumin ya nutse cikin rairayi, ya ƙi fita. Na fizga, ya fito gaba ɗaya, na zauna daɓas. Mata masu zuba iri suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kunya ta kashe ni.

Baba ya leƙa ramin ya ce, "Wannan ai kabarin gero ne, ɗana." Ya karɓi sungumin, ya jinjina shi, ya sauko da riƙo ƙasa kaɗan. Sai ya kama tafiya: takun nan na da, juyin ƙugun nan na da, ramuka suna fita reras, zurfin yatsa uku.

Na ce, "Baba, me ka canza?"

Ya ce, "Ƙarfi na rage. Shi ƙarfen ƙoshe yake, ni ke jin yunwa. Sai na bar shi ya yi aikin."

Ana cikin haka motar shef ta tsaya. Ya ga maza sun jeru bayan tsoho, ya ce, "Wa ya koya muku?" Baba ya dubi rairayin da ke wandona, bai ko murmusa ba, ya ce, "Mushe ne. Har ƙasa ya zauna don mu gane."

Shef ya rubuta cewa na ƙware wajen koyar da sabuwar dabara, aka tabbatar da ni.

Abin da na koya ke nan: kayan aiki na canzawa, amma kafin ka ce wa manomi hannunsa ya tsufa, miƙa masa ƙarfen ka yi shiru. Shekara talatin na ci albashi da saran Baba Nomau, shi kuwa har ya rasu, duk inda muka gamu sai ya ce, "Mushe, ya ƙugun?"